Yadda ake ƙiyasta shekarun gungun taurari daga haskensu, da dalilin da ya sa alƙaluman ke saɓawa

Tun watan Yulin 2022 da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara aiko da hotuna, labaran taurari suka yawaita a wayoyin jama'a, kuma Hausawan Makka da Jidda da Madina na samun su ta fuska biyu, da Larabci da kuma Hausa. Uku daga ciki sun fi ɗaure wa mutane kai. Akwai mai cewa an gano tauraron da ya girmi sararin samaniyar da yake ciki. Akwai na shekarar 2023, inda wani masani a Jami'ar Ottawa ta Kanada, Rajendra Gupta, ya ce shekarun sararin samaniya biliyan 26.7 ne, ba biliyan 13.8 da aka saba ji ba. Sai na 2024, da aka sanar da hango gungun taurari guda biyar da suka wanzu tun sararin samaniya bai wuce shekara miliyan 460 ba.

Tambayar da ke biyo bayan duka ukun ɗaya ce. Babu wanda ya taɓa zuwa wurin tauraro, balle ya ɗebo wani abu daga jikinsa ya kai ɗakin gwaji, to daga ina ake samo waɗannan lambobi? Daga haske ne kawai. Amma hasken ba ya faɗin shekaru kai tsaye. Ana auna shi ne, sannan a kwatanta da abin da lissafi ya ce tauraro mai shekaru kaza da sinadarai kaza zai fitar, a ga wanda ya dace. Duk lambar da ta fito ta wannan hanya tana tafe da tazarar kuskure, wato "ƙari ko ragin kaza", kuma wannan wutsiyar ce kanun labarai suka fi yankewa.

Mene ne gungun taurari

Duk wanda ya san Kaza da 'ya'yanta ya san gungun taurari. Ita ce Surayya a wurin Larabawa, wadda fitowarta da asuba wajen 7 ga Yuni ke nuna shigowar zafi a lissafin mutanen Jazirar Larabawa, kuma a daren hunturu takan zo kusan tsakar ka a samaniyar Makka. Ido na ganin taurari shida ko bakwai, na'ura kuwa ta ƙirga sama da dubu a cikinta. Haskenta kan yi tafiyar kimanin shekara 444 kafin ya iso mana. Manzilin Nasra da manoman Sudan ke ambata a lissafin damina shi ma yana ɗauke da gungu irin wannan, wanda masana ke kira M44.

Waɗannan su ne sakakkun gungu: taurari ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, a warwatse, mafi yawansu ba su tsufa ba. Kashi na biyu su ne dunƙulallun gungu, masu taurari daga dubban ɗaruruwa har zuwa miliyoyi a cure wuri ɗaya. Galaksinmu, wato babban tarin taurarin da Rana ke cikinsa, wanda Larabawa ke kira Darbut Tabbana, yana da irinsu sama da 150. Mafi girmansu shi ne Omega Centauri, mai taurari wajen miliyan 10 a nisan tafiyar haske ta shekara 17,000, kuma wanda ya fita daga hasken gari a watan Afrilu ko Mayu zai iya ganinsa da ido, ƙasa-ƙasa ta kudu, dishi-dishi.

Abin da ya sa masana ke son gungu ba kyansa ba ne. Taurarin gungu ɗaya daga gajimaren iskar gas ɗaya suka samu, a kusan lokaci ɗaya, kuma nisansu da mu kusan ɗaya ne. Ke nan shekaru ɗaya, sinadarai iri ɗaya, nisa ɗaya. Abin da ya rage da ke bambanta su shi ne nauyi, kuma a kan wannan bambanci aka gina dukan lissafin. Tauraron da ke zaune shi kaɗai ba ya ba da wannan dama, shi ya sa ƙiyasin shekarunsa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Nauyi shi ne agogon

Tauraro na haskawa ne domin a can cikinsa ƙwayoyin haidirojin na haɗewa suna komawa hiliyam, zafi da haske na fita. Mutum zai ɗauka babban tauraro ya fi daɗewa tunda ya fi yawan makamashi. Akasin haka ne. Nauyinsa na matse cikinsa, zafin ya ƙaru, sai ya cinye makamashinsa da sauri. Rana, wadda yanzu take da shekara biliyan 4.6, haidirojin ɗin cikinta zai kai ta wajen shekara biliyan 10. Tauraron da ya ninka ta nauyi sau biyu ya fi ta haske fiye da sau goma, amma da kyar yake wuce shekara biliyan ɗaya da wani abu. Wanda ya ninka ta sau goma ba ya wuce 'yan miliyoyin shekaru ashirin zuwa talatin.

Launi kuma shi ke nuna zafi. Fuskar Rana na da zafin digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyas. Tauraron Ƙalbul Aƙrab da ake gani ja-ja a daren bazara bai kai digiri 3,500 ba, manyan taurarin Kaza masu shuɗi-shuɗi kuwa sun haura 10,000.

Wajen 1911 zuwa 1913, Ejnar Hertzsprung ɗan Denmark da Henry Norris Russell ɗan Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka jera taurari a jadawali, haske a tsaye, launi a kwance. Sai aka ga mafi yawan taurari sun bi layi ɗaya, daga masu shuɗi da tsananin haske a sama zuwa jajaye marasa ƙarfi a ƙasa. Wannan layi na taurarin da har yanzu ke ƙona haidirojin a tsakiyarsu ne. Da zarar na tsakiyar ya ƙare, tauraron kan kumbura, fuskarsa ta huce, ya yi ja, ya bar layin. Irinsa ake kira jan ƙato.

To, a gungun da aka haifa lokaci ɗaya, manya ne ke fara barin layin, sai na ƙasa da su, haka har zuwa ƙanana. Layin na lalacewa ne daga sama zuwa ƙasa, kuma wurin da ya karya kwana shi ne agogon. A Kaza har yanzu akwai taurari masu nauyin Rana sau huɗu zuwa shida da ke haskawa da shuɗinsu, don haka shekarunta ba su wuce miliyan ɗari da 'yan kai ba. A gungun M67 kwanar ta sauko kusa da nauyin Rana, shekarunsa wajen biliyan 4. A dunƙulallun gungu kuwa duk tauraron da ya kai Rana nauyi ya riga ya bar layin; kwanar na wajen kashi 80 cikin ɗari na nauyin Rana, abin da ke nuna shekara biliyan 12 zuwa 13.

A aikace ba da ido ake karanta kwanar ba. Kwamfuta kan lissafa inda taurari masu nauyi daban-daban za su tsaya a jadawalin idan shekarunsu kaza ne, ta zana layi, a ɗora shi a kan na gaske, a yi ta canza shekarun har su hau juna.

Yadda haske ke tona sinadarai

Idan aka bi da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan rabu zuwa launukan bakan gizo. A 1814 wani maƙerin gilashi Bajamushe, Joseph von Fraunhofer, ya lura bakan hasken Rana na ɗauke da ɗaruruwan baƙaƙen layuka sirara. Sai wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano ma'anarsu: kowane sinadari na tsotse haske a wasu wurare nasa na kansa, ba ya kuskurewa, ba ya ɗaukar na wani. Ta haka aka ga hiliyam a Rana a 1868, tun kafin a same shi a doron ƙasa. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa taurari kusan gaba ɗayansu haidirojin ne da hiliyam. A Rana, wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinta haidirojin ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu hiliyam, duk sauran sinadarai a haɗe ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Wannan ɗan ragowar ne masana falaki ke kira ƙarafa, har da oksijin da kabon a ciki, duk da cewa masanin sinadarai ba zai yarda da sunan ba. Ana auna su da ma'aunin da ya ɗauki Rana a matsayin sifili. Tauraron da ke kan -1 yana da kashi ɗaya cikin goma na baƙin ƙarfen Rana, wanda ke kan -2 kashi ɗaya cikin ɗari. Kaza na kusa da sifili. Dunƙulallen gungun M92 yana wajen -2.3, wato kashi ɗaya cikin ɗari biyu.

Dalilin bambancin shi ne, a farkon sararin samaniya babu komai sai haidirojin da hiliyam da ɗan litiyam kaɗan. Sauran duk a cikin taurari aka dafa su, suka watsu bayan mutuwarsu, taurarin baya suka gada. Har nau'in sinadarin ma yana ba da labari. Manyan taurari da ke fashewa cikin 'yan miliyoyin shekaru sun fi zubar da oksijin da maganiziyam. Mafi yawan baƙin ƙarfe kuwa daga wata fashewar daban yake, ta fararen wadannin taurari (ƙananan ragowar taurarin da makamashinsu ya ƙare), wadda kan ɗauki ɗaruruwan miliyoyin shekaru ko fiye kafin ta yawaita. Gungun da oksijin da maganiziyam ɗinsa suka rinjayi baƙin ƙarfe, idan an kwatanta da Rana, ya samu ne da wuri kuma cikin gaggawa. Haka mafi yawan tsofaffin dunƙulallun gungu suke.

Idan gungun ya yi nisa

Duk abin da aka faɗa a sama yana aiki ne idan ana iya rarrabe taurarin ɗaya bayan ɗaya. Wannan na yiwuwa a galaksinmu da 'yan maƙwabtansa. Bayan nan, gungu gaba ɗayansa kan zama ɗigon haske ɗaya. Galaksin M87 kaɗai na da dunƙulallun gungu sama da 10,000, kuma babu ɗaya da za a iya zana wa jadawalin kwana.

A nan sai a juya lissafin. A ɗauka an haifi taurari miliyan ɗaya yau, kaza manya, kaza matsakaita, kaza ƙanana, bisa rabon da Edwin Salpeter ya fara tsarawa a 1955. A bar su su tsufa a cikin kwamfuta, a haɗa haskensu wuri ɗaya a kowane mataki, a kwatanta da ɗigon da na'ura ta gani. Beatrice Tinsley, wadda ta tashi a New Zealand, ita ce ta aza harsashin wannan hanya daga ƙarshen shekarun 1960.

Wahalarta kamar ta mutumin da ke jin talbiyyar tawagar alhazai ne daga nesa: amo ɗaya yake ji, ba ya rarrabe muryar kowa, kuma masu ƙarfin murya ne ke cika masa kunne ko da su ne 'yan tsiraru. A haɗaɗɗen haske, jajayen ƙattai da 'yan taurarin da ke bakin kwana su ne suka mamaye komai, dubban ƙananan da suka fi yawa kusan ba a jin ɗuriyarsu.

Babbar matsalar kuwa ita ce abu biyu daban-daban na sa gungu ya yi ja. Tsufa na sa shi ja domin masu shuɗi sun ƙare. Yawan ƙarafa ma na sa shi ja, domin ƙarafan na tsotse shuɗin haske, suna kuma sa fuskar tauraro ta fi hucewa. A 1994 Guy Worthey ya ƙididdige girman ruɗanin: ninka shekaru sau uku na canza launi kusan daidai da ninka ƙarafa sau biyu. Ma'ana, gungu mai shekara biliyan 4 da ƙarafa irin na Rana, da wani mai shekara biliyan 12 da rabin waɗannan ƙarafa, launinsu kusan ɗaya ne. Wanda ya dogara ga launi kaɗai zai iya kuskure shekara biliyan 8 cur bai sani ba.

Mafitar da aka samu ita ce a koma ga baƙaƙen layukan nan, a zaɓo waɗanda suka fi jin shekaru da waɗanda suka fi jin ƙarafa. Masana a cibiyar hangen taurari ta Lick da ke Kalifoniya sun tsara jerin irin waɗannan ma'aunai, suka kai 25. Layin haidirojin da ke kan nanomita 486 (ma'aunin da ke nuna wurin layi a bakan haske) ya fi ƙarfi a taurari masu zafi, don haka yana raguwa yayin da kwana ke saukowa. Shi ne mai nuna shekaru. Layin maganiziyam da ke wajen 517 da na baƙin ƙarfe da ke wajen 527 da 533 su ne masu nuna ƙarafa. Idan an haɗa su, ruɗanin kan ragu sosai. A yau an fi kwatanta bakan hasken gaba ɗayansa, ba 'yan layuka kawai ba.

Ko da haka akwai masu yaudara. A 1953 Allan Sandage ya ga wasu shuɗɗan taurari a tsohon gungun M3 da bai kamata a ce suna nan ba. Daga baya aka fahimci taurari ne da suka haɗe da wasu ko suka janye gas daga abokan zamansu, sai suka yi nauyi suka koma kamar sabbi. Akwai kuma tsofaffin da suka zubar da fatarsu ta waje, cikinsu mai zafi ya bayyana. Duka biyun na ƙara ƙarfin layin haidirojin, su sa tsohon gungu ya yi kama da matashi. A ƙaramin gungu kuma, jan ƙato ɗaya ko biyu kawai sun isa su karkatar da launin gaba ɗaya.

Nisa da ƙura

Ko a gungun da ake ganin taurarinsa ɗaya-ɗaya, akwai abu biyu da ke shiga tsakani. Na farko ƙura. Wanda ya ga yadda Rana ke yin ja ta dushe ranar da guguwar ƙura ta taso ya ga abin da ƙurar tsakanin taurari ke yi wa haske. Robert Trumpler ne ya tabbatar da samuwarta a 1930, kuma da sakakkun gungu ya yi aikin. Ita ce sababi na uku na yin ja, bayan tsufa da ƙarafa, kuma sai an cire tasirinta kafin a fara lissafi.

Na biyu nisa, kuma shi ne mafi tsada. Don a san ainihin hasken taurarin da ke bakin kwana, dole a san nisansu. Kuskuren kashi 5 cikin ɗari a nisa kan haifar da kuskuren kusan kashi 10 a shekaru. Ga gungu mai shekara biliyan 12, wannan ya haura shekara biliyan ɗaya.

An ga aikin wannan a shekarun 1990. A lokacin ƙiyasin tsofaffin gungu na kaiwa shekara biliyan 15 ko fiye, alhali lissafin faɗaɗar sararin samaniya, wato yadda galaksi ke nisantar juna, na ba wa sararin samaniyar kansa wajen biliyan 10 kacal. Abu biyu suka warware rikicin. A 1997 sakamakon tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Hipparcos ya nuna gungun sun fi nisa fiye da yadda aka zata, ke nan taurarinsu sun fi haske da nauyi, sai shekarunsu suka sauko. A 1998 kuma aka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, abin da ya ɗaga ƙiyasin shekarunsa. Masu binciken sun samu kyautar Nobel a 2011. Daga baya na'urar Planck ta tsayar da lambar a biliyan 13.8.

Ita kanta Hipparcos ɗin ba ta tsira ba. Ta ba da nisan Kaza wajen tafiyar haske ta shekara 390, ƙasa da abin da sauran hanyoyi ke bayarwa, aka shafe shekaru ana jayayya. Awon da aka yi da na'urorin rediyo a 2014, sannan na tauraron ɗan'adam Gaia, suka tabbatar da 444 ko kusa da haka.

Inda masana suka rabu

Kan shekarun Kaza ma an yi ra'ayi biyu. Tsohon lissafin kwana ya ba da shekara miliyan 70 zuwa 80. A 1998 aka bi wata hanya da na'urar Keck ta Hawai: ƙananan taurari na ƙona litiyam ɗinsu a hankali idan cikinsu ya kai digiri miliyan 2.5, don haka iyakar da ke tsakanin waɗanda suka cinye nasu da waɗanda ba su cinye ba agogo ce mai zaman kanta. Ta ba da miliyan 125. Bambancin ya ragu da aka gyara lissafin yadda gas ke gaurayuwa a cikin manyan taurari da yadda juyawarsu ke tsawaita rayuwarsu. Yawancin masana yanzu sun fi karkata ga lamba ta biyu.

A haɗaɗɗen haske, samfuran lissafi biyu da aka fi amfani da su, na Gustavo Bruzual da Stéphane Charlot na 2003 da na Claudia Maraston na 2005, sun saɓa kan yawan jan hasken da wasu taurari masu dab da mutuwa ke bayarwa a gungu masu shekara miliyan 200 zuwa biliyan 2. Haske ɗaya, samfuri biyu, amsa biyu. Shi ya sa bincike mai inganci kan faɗi samfurin da ya yi amfani da shi.

Har tushen maganar, cewa taurarin gungu sinadaransu iri ɗaya ne, ya samu tangarɗa. A 2007 na'urar Hubble ta nuna gungun NGC 2808 na da layi uku maimakon ɗaya, kuma kusan duk tsohon dunƙulallen gungu da aka bincika da kyau yana da taurarin da sodiyam ya yi musu yawa, oksijin ya yi ƙaranci. Wasu masana na ganin zuriya ta biyu ce da ta samu daga tarkacen ta farko, wasu na ganin lokaci ɗaya aka haife su, gurɓatar ta faru ne tun suna tasowa. Ba a cimma matsaya ba. Tasirin wannan a kan shekaru kaɗan ne, domin tazarar da ake magana a kai ƙarama ce idan an kwatanta da biliyan 12. Omega Centauri ne ya fita daban, har baƙin ƙarfensa ya bambanta daga tauraro zuwa tauraro, shi ya sa da yawa ke ɗaukarsa ragowar wani ƙaramin galaksi da namu ya haɗiye.

Da wannan za a iya auna labaran nan uku. Tauraron da aka ce ya girmi sararin samaniya shi ne HD 140283, kuma ba a gungu yake ba. Binciken 2013 ya ba shi shekara biliyan 14.46, ƙari ko ragin miliyan 800. Idan an rage 800 ɗin, ya faɗo ƙasa da 13.8, don haka masu binciken ba su ce ya girmi sararin samaniya ba. Wani ƙiyasi na 2021 ya ba shi wajen biliyan 12. Haka ma M92: binciken da aka yi a Kwalejin Dartmouth a 2023 ya ba shi biliyan 13.8, ƙari ko ragin miliyan 750, kuma masu binciken sun ce nisa ne babban tushen kuskuren.

Hujjar Gupta ita ce James Webb ta hango galaksi da suka yi kamar sun girmi zamaninsu, kuma ƙarin shekaru zai ba su lokacin girma. Don kaiwa ga 26.7 sai da ya farfaɗo da wani tsohon ra'ayi na 1929 cewa haske na gajiya a hanya, ya kuma ɗauka wasu ƙa'idojin kimiyyar lissafin halitta na canzawa da zamani. Mafi yawan masana ba su karɓa ba, kuma gungun taurari na cikin hujjojinsu: da sararin samaniya ya kai waɗannan shekaru, ya kamata a ga gungu masu shekara biliyan 20, kwanarsu can ƙasa, amma duk tsofaffin sun tsaya tsakanin 12 da 13 da wani abu. Hanyar auna hucewar fararen wadannin taurari, wadda ba ta dogara da kwana ba, ita ma ba ta wuce nan ba.

Gungu biyar na 2024 kuwa, waɗanda tawagar Angela Adamo ta Jami'ar Stockholm ta bayyana, an gan su ne suna ƙanana, ƙasa da shekara miliyan 50, domin hasken da ya iso mana ya baro su fiye da shekara biliyan 13 da suka wuce. Ƙiyasinsu daga haɗaɗɗen haske ne, don haka duk sharuɗɗan da aka ambata sun hau kansa.

Abin da ya shafi mai karatu

Babu ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma da ke taɓa lokutan salla, ko kalandar Ummul Ƙura, ko duban jinjirin wata da ake yi a Sudair da Tumair. Waɗannan lissafin tafiyar Rana da wata ne, fanni daban. Fitowar Surayya a Yuni da ta tauraron Suhail wajen 24 ga Agusta ma ba za su motsa ba don an canza ƙiyasin shekarun wani gungu. Haka kuma wannan awo ba shi da alaƙa da duba ko neman sa'a daga taurari. Zafi da nauyi da sinadarai kawai yake aunawa.

Inda ya shafi rayuwa kai tsaye shi ne a fasahar kanta. Ƙa'idar da Kirchhoff da Bunsen suka gano, cewa kowane sinadari na da tambarinsa a haske, ita ce ke aiki a na'urar da masu shagon zinariya ke gwada karat da ita, da na'urorin gwajin ruwan sha da na jini.

Ga ɗalibai kuma akwai ƙofa a buɗe. Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda na da sashen ilimin falaki, kuma bayanan Gaia na taurari kusan biliyan 1.8 kyauta ne a intanet, ba a tambayar iƙama ko takardar makaranta. Ɗalibin sakandare mai kwamfuta zai iya sauke na Kaza da na M67, ya zana jadawalinsu, ya ga bambancin kwanar da idonsa. Mai son kallo kawai sai ya nisanci fitilun Jidda da Makka. A 2024 an amince da wasu yankuna biyu na Al'ula a matsayin wuraren da ake kare duhun samaniyarsu.

Wanda labari irin wannan ya iso wa zai iya neman abu uku a cikinsa: tazarar kuskuren, ko taurarin ɗaya-ɗaya aka gani ko haɗaɗɗen haske ne, da kuma ko wata hanya daban ta ba da lamba makamanciya. Lambobin za su ci gaba da motsi. Gaia ta daina aiki a 2025, amma ana sa ran babban kundin bayananta na gaba a Disambar 2026, kuma Turawa na gina na'ura mai madubi mita 39 a Chile da za ta rarrabe taurari a gungun da yanzu ɗigo ne kawai. Idan kuskuren nisa ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin ɗari, abin da zai haifar a shekaru ba zai wuce kashi biyu ba, sai muhawarar ta koma kan yawan oksijin da hiliyam a tsofaffin taurari da kuma yadda gas ke gaurayuwa a cikinsu.